Karta da tasar wake

Asabar, Edmonton.

Sanyin yau ba a magana. Na duba waya bayan sallar asuba na ga digiri 26 ƙasa da sifili, na koma bargo abina. Sai bayan azahar abokan karatuna uku suka iso, don mu taɓa aikin da aka ba mu a darasin lissafin dabarun wasa: mu kwatanta wasan karta na poker irin hold'em mai iyaka da mara iyaka. Tun ranar da aka raba aikin na faɗa musu ni ba na caca, ko sisi ba zan sa ba. Shi ya sa na juye wake a tasa, kowa ya ƙirga ɗari biyu.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Bayan kowane rabo akwai zagayen zubi: ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka ka fita. A mai iyaka an yanke abin da za ka zuba. Mu mun sa wake biyu a zagaye biyu na farko, huɗu a biyun ƙarshe, kuma ƙari ba ya wuce sau uku a zagaye. A mara iyaka kuwa, in ka ga dama ka tura duk abin da ke gabanka.

Da mai iyaka muka fara, nan na sha kunya. Ni a tunanina poker burga ce kawai, ka ɗaure fuska ka tsorata mutum ya ajiye katinsa. Akwai hannun da muka kai ƙarshe ni da wani ɗan Iran cikin abokan, wake arba'in a tsakiya, ni kuma ba ni da komai. Na zuba huɗu ina wani muzurai. Ko kallona bai yi ba, ya jefo nasa huɗun ya buɗe kati: lamba huɗu guda biyu, shi ke nan abin da yake da shi, ya kwashe. Na ce masa, "Malam, da wannan ka bi ni?" Sai ya jawo takarda. Ya biya huɗu don ya ci arba'in da huɗu, ke nan ko sau ɗaya cikin sha biyu ya kama ni ina ƙarya, bai faɗi ba. Ya ce fuskata kuma ta fi sau ɗaya cikin sha biyu yin ƙarya. Aka yi ta dariya.

Abin da ya ɗaure min kai, shi da ba ya jin burga ya fi kowa ƙari. Kusan duk hannun da ya shiga, da ƙari yake shiga. Na tsaya na lura da wani hannu sosai. An buɗe uku na farko, biyu masu alamar zuciya, shi ma ashe yana riƙe da zuciya biyu, saura ɗaya ya cika biyar masu alama ɗaya, hannu mai ƙarfi. Na zuba biyu, ya mayar da shi huɗu, na bi. Da aka buɗe kati na huɗu, lokacin da farashi ya ninka, sai na ji tsoron ya sake ƙara min, na wuce ban zuba ba. Shi ma ya wuce. Wato ya kashe wake biyu a zagaye mai araha ya sayi kallon katin ƙarshe kyauta, maimakon huɗun da zai biya. Zuciyar ma ba ta zo masa ba, ni na ci hannun, amma na san shi ya fi ni wasa. A mai iyaka zafin hannu ba don ka kori mutum ba ne, ƙwai biyu-biyu kake tsinta kamar mai kiwon kaji, kuma duk ƙarin da ya kamata ka yi ka ƙi yi, asara ce ƙarama da ba ka jin zafinta sai ka ƙirga da yamma.

Nan garin ne ma aka kusan warware wannan wasan, wato gano dabarar da ba a iya cin galabarta a dogon wasa. A Janairun 2015 ƙungiyar Michael Bowling ta Jami'ar Alberta ta sanar cewa manhajarsu Cepheus ta kusan kammala warware mai iyaka na mutum biyu, bayan kwamfutoci sun yi sama da wata biyu suna wasa da kansu. Abin da ta koya ya yi daidai da na ɗan Iran: in ita ce mai rabo, da wuya ta shiga da bi kawai, ko ta ƙara ko ta ajiye. Amma ga abin da ya burge ni, in aka mayar mata da ƙari a zagayen farko, kusan ba ta yin ƙarin ƙarshe ko da A biyu, katin da ya fi kowanne girma, ke hannunta. Tana ɓoye ƙarfinta don gaba. Mara iyaka ya fi wuya nesa ba kusa ba, sai a 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh, a hannu 120,000 cikin kwana ashirin, kuma doke mutane daban, warware wasa daban.

Magariba ta yi kafin ƙarfe biyar, na tashi na yi salla. Ina dawowa ƙanwata ta kira ta bidiyo, idonta ya sauka kan tebur. "Yaya, karta? Wallahi sai na faɗa wa Umma." Na juya mata wayar ta ga wake, na ce aikin makaranta ne. Ta ce to a bar mata na alala.

Bayan mun ci abinci muka koma mara iyaka, nan na samu bakin magana. Arba'in a tsakiya kamar ɗazu, hannuna wayam kamar ɗazu, amma na tura arba'in cur. Yanzu sai ya biya arba'in don ya ci tamanin, dole ya zama yana da gaskiya sau ɗaya cikin uku. Kuma saura kati ɗaya, ya san in ya bi, sauran wakena na iya biyo baya. Ya daɗe yana juya katinsa, ya ajiye. Daɗi ya kama ni har kunne.

Daɗin ne ya kai ni. Na yi ta turawa, suna ta ajiyewa, na ɗauka na gano sirri. Wata 'yar Brazil cikinmu da ta yi shiru tun rana ashe jira take. Na samu sarki da goma, aka buɗe sarki a tsakiya, na tura duka, wake ɗari biyu da wani abu. Kafin in janye hannu ta ce ta bi. Bakwai biyu ne da ita, ga na uku a tsakiya ban ko kula da shi ba. Kuskuren da a wasan rana zai ci min wake goma sha wani abu, da dare ya share ni tas.

Sun tafi wajen tara. Ni aka bar wa rubuta sashen lissafin bi da ajiyewa, zuwa Talata. Na tattara waken, har da guda shida da suka gangara ƙarƙashin kujera, na wanke sau uku na jiƙa. Gobe shinkafa da wake.