Kayan nutso na farko: me za ka saya, me za ka ci gaba da haya

Duk wanda ya gama kwas ɗin nutso na matakin farko, ya karɓi katin PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke horar da masu nutso, yakan shigo shagonmu da zumuɗi, a haɗa masa komai yau ɗin nan, daga tulun iska har takalmi. Mu 'yan kasuwa ne, amma mukan ce ya sassauta. Katin nan mita 18 kawai ya ba shi izinin sauka, kuma bai san irin ruwan da zai fi shiga ba tukuna, mai ɗumi ko mai sanyi. Abin da ke manne da jiki shi ake fara saya, wanda ake samun hayarsa a ko'ina kuwa sai daga baya.

Gilashin fuska ne farko, kuma a nan muka fi ɓata lokaci da mai saye. Ba a zaɓensa da ido. Ka kawar da gashi daga goshi, ka ɗora gilashin a fuska ba tare da ka sa maɗauri ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya zauna daram, ya dace da kai. In ka ji iska na silalowa ta gefen ido ko ƙarƙashin hanci, ajiye shi komai kyansa. Ka sake gwadawa da abin shaƙa a bakinka, don riƙe shi na canza siffar leɓen sama, sai ka ga gilashin da ya zauna ɗazu ya buɗe kafa. Mai gashin baki ya fi kowa shan wannan wahala. Robar gefen ta zama silikon mai laushi, gilashin kuma wanda aka gasa, da ba ya fashewa ya zama tsini-tsini. Dole hanci ya kasance a ciki, don ta hanci ake hura iska a daidaita matsi yayin sauka. Tabarau na masu iyo ba ya wannan aiki. Ɗaure maɗauri tamau ba ya hana yoyo, sai ma ya lanƙwasa robar ya ƙara shi. Sabon gilashi yakan zo da wani siririn maiƙo daga masana'anta mai sa hazo, sai a goge cikinsa da farin man goge baki sau biyu ko uku, in dai ba mai shafe na musamman ba ne.

Takalmin agwagwa iri biyu ne: wanda ƙafa ke shiga gaba ɗaya, don ruwan ɗumi da nutso daga jirgi, da mai buɗaɗɗen dunduniya da ake sawa a kan but, wato takalmin roba mai laushi. Na biyun muke ba yawancin mutane, saboda tafiya a kan duwatsun bakin teku. A gwada shi da but ɗin da za a riƙa sawa, kada a yi kirdado.

Rigar roba kuma, ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, shi ya sa mutum ke karkarwa bayan minti arba'in ko a ruwan da ya ji ɗumi da farko. Mai kaurin milimita 3 ta ruwan ɗumi ce, mai 5 ta tsaka-tsaki, mai 7 ta sanyi. Amma kauri ba ya ceton rigar da ta yi yawa. In akwai aljihun iska a hammata ko gadon baya, ruwa zai riƙa shiga yana fita yana tafiya da ɗuminka. Ta kama jiki ko'ina, amma ka iya cika ƙirji da numfashi.

Bayan waɗannan, mu dai a wurinmu kwamfutar nutso ce ta gaba, tun kafin regileta, wato na'urar shaƙar iska daga tulu. Kowane mita 10 na ruwan teku na ƙara matsi bar 1, wato a mita 30, in an haɗa da bar 1 na iskar da ke saman ruwa, jikinka na ƙarƙashin bar 4, naitirojin na ta shiga jini. Kwamfutar ce ke lissafa minti nawa suka rage kafin ya yi yawa, ta yi ƙara in ka haura da sauri fiye da kusan mita 10 a minti, ta ƙirga maka tsayuwar minti 3 a mita 5. Tana riƙe da lissafin nutson jiya da na safe, don haka mutum biyu ba sa karɓa-karɓa da guda. Ba sai mai tsada ba. Lambobi su zama manya, ta iya lissafin naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, kuma ka san ma'anar kowace alama tun kana kan tudu.

To, regileta. Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka haɗa tasu a Faransa a 1943, aikinta bai canza ba: ta rage matsin tulu ta ba ka iska daidai da matsin ruwan da kake ciki. Kan farko, wanda ke ɗaure a bakin tulu, yana sauko da bar 200 zuwa kusan bar 9 ko 10 sama da matsin wurin. Kan na biyu, wanda ke bakinka, shi ke ƙarasa saukewa. Akwai kai na ko-ta-kwana mai tiyo rawaya don abokin nutso, da agogon da ke nuna sauran iska. Wajen ɗaurawa, ko dai mai maƙalawa a kan bawul, wanda ke tsayawa a bar 232, ko DIN da ake murɗawa ciki, wanda ke ɗaukar har 300, zoben robarsa kuma a killace yake, ba ya saurin tsalle waje. Mai DIN na iya ɗaura 'yar mahaɗa ya yi amfani da ɗaya tulun. Wanda zai shiga ruwan da ya gaza digiri 10 ya nemi wadda aka yi don sanyi, in ba haka ba ƙanƙara na iya kama bawul a buɗe, iska ta yi ta kwarara har tulu ya ƙare.

A nan ne takaicinmu yake. Mutum zai yi ta ja-in-ja da mu kan farashi, ya fita, bayan mako biyu ya dawo da wata 'yar gwanjo ko jabu da ya saya a intanet, wai mu duba masa. Mu buɗe, mu tarar da koren tsatsa a ciki, matatar ta toshe da gishiri, mazaunin bawul ya cinye, tiyo ya tsattsage a gindin ƙarfe inda roba ta rufe. Sai mu nemi kayan gyaranta, a ce kamfanin ya daina yi, ko ma ba a san wanda ya ƙera ta ba. Araha ba ta ado. Tambayar da za ka yi kafin ka biya ita ce: wa zai yi mata sabis, kuma ana samun kayanta? Regileta na son sabis shekara-shekara ko yadda kamfaninta ya tsara. A bencinmu muna warware ta ɗaya bayan ɗaya, mu wanke, mu canza zobba da mazauni, mu ɗora ta a kan agogo mu zuba ido ko matsin da kan farko ke fitarwa zai tsaya cak ko zai riƙa hawa a hankali. In yana hawa, ba ta fita daga shagon. Yawancin ɓarnar ma a wajen wanki take faruwa: a tsoma kan farko ba a rufe murfinsa ba, ko a danna maɓallin fitar da iska a cikin ruwa alhali babu matsi, ruwa ya shige ciki.

Falmaran ta iska, wadda ake kira BCD, da ake hura wa iska ko a rage don daidaita tashi da nitsewa, ka yi hayar iri biyu ko uku kafin ka saya. Mai zagaye jiki ta fi daɗin zama a saman ruwa, mai iska a baya ta fi kwantar da mutum a miƙe a ƙasa. Gwada ta a kan rigar robarka, ka hura ta ta cika. In ta matse ƙirji ko ta hau kunnuwa, ba taka ba ce.

Tulu da dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi su ne na ƙarshe, da yawa ma ba sa saye sam, don duk inda ka je akwai su, kuma jirgin sama ba ya ɗaukar tulu cike. Sai dai ka san halinsu. Iskar da ke cikin tulu mai lita 12 a bar 200 ta kusa kilo 3, don haka a ƙarshen nutso nauyinka ya ragu, tulun alminiyom ma har yakan so ya ɗago ka. Awon dalma kuwa haka yake: a saman ruwa, tulu ya kusa ƙarewa, falmaran babu iska, ka riƙe numfashi na yau da kullum. Ruwa ya tsaya maka daidai ido, in ka fitar da numfashi ka fara nitsewa a hankali. Ka rubuta kilon a littafinka tare da kaurin rigar da irin tulun, don ranar da ɗaya ya canza sai an sake awo.