Litinin, 10 ga Maris, 2025: gobe ake buɗe All England

Azumi na goma yau. Rana ta yi zafi tun hantsi, aiki kuma bai yi yawa a ofis ba, sai na samu sararin duba jadawalin gasar badminton ta All England da za a fara gobe Talata a Birmingham ta Ingila, a ƙare ranar Lahadi 16 ga wata. Agogonmu ya riga nasu da awa ɗaya kacal, saboda haka ba sai an hana ido barci ba kamar lokacin gasar Malesiya ko ta Indonesiya. Wasannin rana za su taya ni jan lokaci zuwa shan ruwa, na dare kuwa sai abin da asham ta bari.

Tun 1899 ake yin wannan gasa, babu wadda ta girme ta a duniyar badminton. Kafin a ƙirƙiro gasar cin kofin duniya a 1977, wanda ya ci All England shi ake ɗauka zakaran duniya, shi ya sa har gobe 'yan Indonesiya ba sa gajiya da ambaton Rudy Hartono da ya ci ta sau takwas. Mutum 32 kawai ake ɗauka a kowane rukuni na 'yan ɗai-ɗai, bisa matsayinsu a jerin gwanayen duniya. Wannan ne ya sa ba za a ga ɗan Najeriya ba, har da Anuoluwapo Opeyori, zakaran Afirka da ya wakilce mu a Olamfik ta Paris.

Da na gama duba sunayen, abin da ya tsaya mini a rai shi ne wadda babu. Carolina Marin ta Sifaniya ce ke riƙe da kofin mata, amma ba za ta zo kare shi ba. Na kalli wasanta na kusa da na ƙarshe a Paris bara. Ta ci zagayen farko a kan He Bingjiao, tana gaba a na biyu, ta yi tsalle ta sauko a ƙafar dama, gwiwar ta tafi. Ta ɗaura takalmin gwiwa ta koma, ta buga maki biyu, sannan ta durƙusa a gefen fili tana kuka. Aka kawo keken marasa lafiya ta ce a'a, ta fita da ƙafarta. Karo na uku kenan jijiyar gwiwa na tsinke mata: 2019, da 2021 gab da Olamfik ta Tokyo, sai wannan. Shi kansa kofin All England na bara, ta ɗauke shi ne bayan Akane Yamaguchi ta Japan ta janye a tsakiyar wasan ƙarshe saboda ciwo.

Masu kallo sun fi son maganar ƙarfin duka, wane ne ya fi zabga shatil, wato ƙwallon da ake bugawa a badminton. Ni dai a ganina gwiwa ce ke cin wannan gasa. Wasa biyar ne cikin kwana shida ga wanda zai kai ƙarshe, kowane maki kuma sai an miƙa ƙafa ɗaya gaba an durƙusa a bakin raga, a ja da baya a guje, a yi tsalle, a sauko a ƙafa guda. Shatil ɗin gashin dinya 16 ne, nauyinsa bai wuce giram biyar da ɗoriya ba, amma shi ke karya ƙarti.

Shi ya sa idona ke kan An Se-young ta Koriya ta Kudu. Shekarunta 23, ita ce ta ɗaya a duniya, ta ci zinare a Paris, kuma tun shigowar wannan shekara ba a doke ta ba: ta ɗauki gasar Malesiya da ta Indiya a Janairu, jiya Lahadi kuma ta doke Chen Yufei ta Sin a wasan ƙarshe a Orleans ta Faransa. Salonta na gajiyar da mutum ne, duk inda ka jefa sai ta ɗauko, har ka ƙosa ka buga waje da kanka. To amma ita ma gwiwarta ta dama ta samu matsala tun wasan ƙarshe na gasar Asiya a Hangzhou a 2023, kuma ana ba ta zinare a Paris ta fito ta soki hukumar badminton ta ƙasarta kan sakaci da ciwon nata. Ban ga dalilin zuwanta Orleans mako guda kafin Birmingham ba. Wasa goma kenan cikin mako biyu in ta kai ƙarshe. Idan ƙafar ta riƙe, ban ga mai tare ta ba sai dai Wang Zhiyi ta Sin, wadda ta doke ta sau biyu a ƙarshen bara.

Bayan la'asar na biya wurin mai ɗinkin raket in karɓo tawa, igiyar ta tsinke tun makon jiya. Ya ja ta da kyau, ya buga ta a tafin hannu don in ji ƙarar. Kuɗin shatil na gashi ya sake tashi, sai na sayi na roba, ko da yake tashinsa ba ɗaya ba ne.

Da aka idar da asham muka haɗu a zauren da muke bugawa, mu shida. Babu wanda ya yi wasan kirki, kunu da ƙosai sun cika ciki. Muna hutawa dattijon da ya koya wa yawancinmu riƙon raket ya ce mini, "Kai yaro, wa ka ba kofin maza?"

Na ce, "Baba, Shi Yuqi."

Ya ce, "Allah ya shirye ka. Dogon nan na Denmark fa?"

Yana nufin Viktor Axelsen, kuma yana da hujja. Zinare biyu a jere a Olamfik, All England biyu a 2020 da 2022, bana ma ya ci gasar Indiya da ta Jamus. Na ce masa shekarar Axelsen 31, tsawonsa ya haura mita ɗaya da santimita 90, kuma jiki irin wannan yana shan wuya wajen sunkuyawa kwana biyar. Shi Yuqi na Sin shi ne na ɗaya a duniya, ya ci gasar ƙarshen shekara a Disamba, ya ci ta Malesiya a Janairu, ya kuma san filin Birmingham tun da ya doke ɗan ƙasarsu Lin Dan ya ɗauki kofin a 2018. Baba ya ce shi ma ai an sha yi masa jinyar idon sawu. Na ce haka ne.

Gaskiyar magana, rukunin maza ba shi da mai gida. Lee Zii Jia ya ci a 2021, Axelsen a 2022, Li Shifeng a 2023, bara kuma Jonatan Christie ya doke ɗan ƙasarsu Anthony Ginting, karon farko da ɗan Indonesiya ya ci tun 1994. Wani a cikinmu ya kawo sunan Kunlavut Vitidsarn na Tailan, mai riƙe da kofin duniya, aka sake sabuwar gardama.

A wasan 'yan bibbiyu kuwa an yi rashin manya. Hendra Setiawan da Mohammad Ahsan sun ajiye raket a Janairu, Zheng Siwei da Huang Yaqiong da suka ci rukunin mace da namiji shekara biyu a jere su ma sun bar fage. Fajar Alfian da Rian Ardianto na Indonesiya na neman kofin maza bibbiyu karo na uku a jere, su nake goyon baya.

Mun yi da Baba cewa wanda gwaninsa ya riga faɗuwa shi zai sayo kwalin shatil na gashi. Na sayi data ta mako guda, na sa waya a caji tun da an kawo wuta. Ƙarfe huɗu zan tashi sahur.