Hon ɗin da sai ya ga dama yake yi

Wanda bai taɓa tuƙi a Legas ba hon ba, ba zai gane halin da na shiga ba. A Oshodi ne, wani direban danfo, wato bas ɗin haya, ya karkato kaina, na danna hon a sitiyari da ƙarfi, shiru. Allah ne ya tsare. Ina isa gida Agege na sake dannawa, ya ɗauka tamkar ba shi ba.

Haka muka yi ta yi da Corolla ɗin nan kusan wata guda cikin damina. Yau ya yi, gobe ya ƙi, jibi ya yi wata 'yar murya kamar ɗan akuya mai mura. Ni da gaggawata na yanke cewa hon ɗin ne ya mutu, na tafi kasuwar Ladipo na sayo sabo na ɗaura. Kwana biyu ya yi lafiya, ya koma gidan jiya. Na sayi fis, alhali fis in ya ƙone ya ƙone ke nan, ba ya farfaɗowa da kansa. Wannan ko yaron shago ya sani, ni ne dai ban tsaya na yi tunani ba.

Daga ƙarshe na kai wa wani dattijo mai gyaran wayarin a unguwarmu. Bai taɓa komai ba, ya buɗe bonet ya kara kunne a akwatin fis ya ce, “Alhaji, danna mu ji.” Na danna. Rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa hon wuta, ya yi ƙas-ƙas. Ya ce ai tunda rile na amsawa, maɓallin sitiyari da wayar da ke naɗe a cikinsa lafiyarsu ƙalau. Da a ce sai an juya sitiyari hon ke ɗaukewa, can zai fara zargi, kuma sai an cire kan batir kafin a taɓa wurin saboda jakar iskar da ke cikin sitiyari, mai kumbura in an yi hatsari.

Sai ya kwance notin da ke riƙe da hon ɗin. Tsatsa, ja wur! Irin wannan hon waya ɗaya ke kawo masa wuta, ta jikin ƙarfen motar yake samun at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, ta wannan notin. Ruwan da nake kutsawa a titi duk damina ya cinye wurin. Ashe kwana biyun da sabon ya yi, don na motsa notin ne wajen ɗaurawa. Da hannuna na kwance shi, da idona na ga tsatsar, na mayar da shi a haka.

Ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya matse bakin wayar da filaya saboda ya same shi sako-sako, ya shafa ɗan giris. Minti 10 bai cika ba.

Na ce, “Baba, tsohon hon ɗin fa?” Ya jona shi kai tsaye da batir, ƙararsa sai da mai shayin tsallaken titi ya waiwayo. Yana nan a but har yau, duk sanda na buɗe sai na ja tsaki.