Na je kufan fadar MacDonald a tsibirin Islay

Jiya da daddare na dawo Gilasgo daga tsibirin Islay da ke yammacin Sikotlan, ƙafafuna har yanzu ciwo suke amma gara in baku labarin nan tun da zafinsa.

Tsibirin a rubuce Islay ne, a baki kuma Aila suke cewa. Mota zuwa Kennacraig awa uku da wani abu, jirgin ruwa kamar awa biyu zuwa Port Askaig. A cikin jirgin na sayi shayi kofi ɗaya da ɗan burodi, wallahi da na juya kuɗin zuwa naira sai na ga mai shayin layinmu zai shayar da majalisa guda da shi har da ƙwai, tsadar ƙasar nan ta yi yawa gaskiya.

Daga bakin ruwa zuwa Finlaggan, inda kufan fadar yake, kamar mil uku ne, na kama hanya a ƙafa ga yayyafi ga iska, sai wata dattijuwa ta taka birki ta ce in shigo. Da ta ji inda zan je sai fuskarta ta washe, ta ce ai ita ma MacDonald ce, gidan kakanninta zan je. Har ƙofar wurin ta kai ni, na ciro kuɗin mai ta ture hannuna, ta ƙara min da biskit. Mu muna cewa Turawa basu san baƙo ba, to mutanen ƙauyensu daban ne.

Wurin tafki ne shiru, da tsibirai biyu ƙanana. Babban, Eilean Mòr, ta gadar katako ake shiga, ciyawa na kaɗawa dama da hagu. Kangon ɗan coci, tushen ɗakuna, sai dutsen kabari da aka sassaƙa mutum da rigar yaƙi yana riƙe da takobi. Nan fa fadar Sarakunan Tsibirai take, wato 'yan gidan MacDonald, jikokin wani sarki Somerled da ya mutu a 1164, mutanen da suka mulki yammacin Sikotlan da jiragen ruwa kamar yadda namu suka yi da dawakai. Ranar naɗi sabon sarki farar riga yake sawa, ya ɗora ƙafarsa cikin sawun da aka sassaƙa a dutse, a miƙa masa farar sanda da takobin iyayensa. Ina karantawa ina ganin alkyabba da sandar girma a idona.

Ƙaramin tsibirin, Eilean na Comhairle, wato tsibirin majalisa, shi ya fi tsaya min a rai. Daga nesa kawai ka hange shi, tudun ciyawa ne ba komai. Ashe a ƙarƙashinsa masu tono suka samu tushen wata ƙatuwar hasumiyar dutse ta ƙarni na 12 zuwa 13, wadda har sunanta ya ɓace. Tun 1989 aka fara tonon, aka yi kusan shekara goma ana yi, cikakken bayanin sai a 2025 ya fito. Na daɗe tsaye ina tuna Surame ta Kanta, ita ganuwarta ma tana nan a fili, mu nawa muka taɓa zuwa?

A 1493 Sarki James na huɗu na Sikotlan ya ƙwace sarautar daga hannun John MacDonald. Yau Yarima William na Birtaniya ke riƙe da sunan sarautar, abin ya min ciwo saboda dattijuwar nan.

Ruwa ya tsuge na gudu ɗakin baƙi na fake. Na kwana Port Askaig, da safe jirgi, sai mota, barci na yi ta yi har Gilasgo.