20 ga Janairu, Yola

Hazo ya rufe gari tun asuba, sanyi kuma har cikin ƙashi. Na so in ƙi zuwa taron Zumuntar Mata, sai na tuna ranar da muke ciki. Rana irin ta yau ce, a 2020, 'yan Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika, bayan sun riƙe shi fiye da mako biyu. Na ɗaura ɗankwalina na fita.

Mama shugaba ta karanta mana labarin Istifanus a Ayyukan Manzanni sura 7. Da ta kai inda ake jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara, muryarta ta sarƙe, wata ta karɓa. Ni kuwa bidiyon Baba Andimi ne ya yi ta dawo mini. Mutum yana hannun waɗanda za su kashe shi, amma yana magana a natse kamar yana kan bagadi ranar Lahadi, yana cewa komai na hannun Allah, a gode masa. Ko gardama ba na iya yi da mai kayan miya ba tare da jikina ya yi rawa ba, balle wannan.

Bayan addu'a hira ta koma kan ƙarshen duniya. Wata 'yar'uwa ta zaro waya tana karanta mana saƙon WhatsApp: yaƙe-yaƙe, girgizar ƙasa, lamba 666, wai lissafi ya cika, bana ne. Raina ya ɗan ɓaci. Na ce mata, "Yaya, wani mai wa'azi, Harold Camping na Amurka, ma ya tsai da 21 ga Mayu 2011, mutane suka bar ayyukansu suka zuba kuɗinsu a talla, ga mu nan muna shan hazo." Matiyu 24:36 ai bai bar wa kowa ƙofa ba, ko mala'iku ba su san ranar ba. Na faɗa da zafi fiye da yadda ya kamata. Ta yi shiru, na ji kunya. Mijinta yana cikin waɗanda ba su fito daga Michika ba, in ta ƙosa Yesu ya dawo, wa zai ga laifinta?

Da na dawo gida na jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado. Tun Satumba 2014, da Boko Haram suka shiga Michika muka gudu ta kan duwatsu da silifas da goyo, ban ƙara kwana babu ita ba. Takardun makarantar yara, katin baftisma, zane biyu, ƙaramin Littafi Mai Tsarki, tocila. Autana yana tsaye a kaina ya ce, "Mama, in Yesu ya zo da jakar za ki tafi?" Na yi dariya har da hawaye, ban dai ba shi amsa ba.

Na kunna tocilar, ko ƙyas. Batirin ya narke a ciki, ya yi fari kamar kanwa, ban san tun yaushe ba. Yaron nan da bakinsa, nan take ya ce na zama ɗaya daga cikin budurwai biyar marasa mai a fitila na misalin Yesu.

Na aike shi shagon bakin titi da naira dubu. Kafin ya dawo na nemi lambar 'yar'uwar nan in ba ta haƙuri. Ta yi ta ringi, ba ta ɗauka ba. Zan sake gwadawa bayan tuwo.