Na Fasa Tuge Fatakka

Yau da safe na ɗauki lauje da niyyar in gama da fatakkar da ta addabe mu a gida, nan Birni. Tun da damina ta faɗi take hawa katanga, ta nannaɗe ɗan zogalen Inna har ya sunkuya. Na kama reshe ɗaya na finciko, farin ruwanta ya manne mini a yatsu, sai ƙanwata ta riƙe mini hannu: "Yaya, tsaya, dubi ƙarƙashin ganyen." Tsutsa ce, mai zane baƙi da fari da rawaya, da 'yan ƙahoni siri-siri guda shida, tana cin ganyen daga gefe a natse. Can kusa wata ta riga ta rataye kanta, ta zama ɗan kwanso kore mai ɗigon zinariya. Daga cikinsa malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin bakin fiffike yake fitowa. Dafin da ke cikin ruwan ganyen shi ke zama a jikinta, har tsuntsu ya ƙi taɓa ta. Tumfafiya ma haka suke ci.

Ni dai abin da na sani game da fatakka shi ne majeman Damagaram na cire gashin fata da ita, ban taɓa kawo wa raina tana ciyar da wani ba. Na warware ta daga jikin zogalen, na bar ta a katanga. Inna ta ce in ta sake kama mata itace, ni zan tuge ta da hannuna. Na amsa, amma tun ɗazu tunanina yana kan kwanson nan, ko gobe zai fashe.