Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Sa Oware a Waya

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne inda na gama bautar ƙasa a jami'a nan Kumasi aka riƙe ni in riƙa taimakawa da 'yan aji ɗaya, to daga nan za mu ɗora. Masu damuna da maganar aurena ku yi haƙuri, tana nan tafe, ba mu kai wajen ba tukuna.

Shekarar 2015 ce, kuma duk wanda ya zauna Ghana a lokacin ba sai na yi masa bayanin dumsor, wato matsalar ɗauke wuta, ba. Ruwa ya ja baya a dam ɗin Akosombo, gas ɗin da ake turowa daga Najeriya ta bututu ba ya isa, sai aka koma raba wuta, wasu unguwanni awa 24 babu awa 12 akwai, har a watan Mayu 'yar fim Yvonne Nelson ta ja mutane suka fito da kyandir da fitilu a Accra. To a cikin wannan hali aka miƙo min aji aka ce in koya musu Java, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta da waya.

Yadda muka taso muka tarar ana yi, malam ya cika allo da kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su juye a takarda, shikenan an ci. Ka ba yaro kwamfuta ka ce rubuta min abu daga kanka sai ya tsaya yana kallonka. Ni kuma daga gaban aji ina hango su, rabinsu kai a ƙasa, yatsa na dukan waya, Flappy Bird suke bugawa, wasan nan na wani ɗan Biyetnam wanda shi da kansa ya cire shi daga kasuwa tun Fabrairun 2014 amma yaranmu suna ta tura wa juna ta manhajar Xender. Sai na ce a raina tunda wasa suke so, to wasa za su gina.

Da na kai wa shugaban sashe maganar ya cire gilashi ya ce wai wasa aka ɗauke ni in koyar? Na ce ranka ya daɗe ai kamfanin Leti Arts da ke Accra tun 2009 wasanni suke yi, kuma Eyram Tawia da ya kafa shi tare da wani ɗan Kenya nan Kumasi ya yi karatun kwamfuta, a jami'ar KNUST. Ya yi shiru, can ya ce in dai duk abin da ke cikin manhajar karatu zai fito to in je in gwada.

Oware na zaɓa, wani wasan gargajiya irin dara, don ba ya buƙatar zane mai wahala kuma kusan kowa a ajin ya taɓa ganin ana bugawa ko a gida ko a bakin titi. Rami 12, shida naka shida na abokin wasa, 'ya'ya 48, huɗu a kowane rami. Ka kwashe na rami ɗaya ka bi kana zuba ɗai-ɗai, in na ƙarshe ya faɗa ɓangaren abokin wasa ya cika biyu ko uku ka ci, wanda ya tara 25 ya gama. Wallahi duk abin da nake fama in cusa musu yana cikin wannan. Ramukan nan su ne jerin guraben ajiye lambobi da muke ta magana a aji, zuba 'ya'ya ɗai-ɗai shi ne luf, wato maimaita umarni ɗaya sau da yawa, tambayar biyu ne ko uku ita ce sharaɗi.

Ranar da babu wuta ba ma zama a aji. Na sa aka samo kiret ɗin ƙwai muka yanka layi biyu rami shida-shida, da farko da gyaɗa muke yi sai na lura kafin a tashi 'ya'yan sun koma talatin da wani abu, sai muka koma murfin kwalba. Mutum ɗaya ya riƙe takardar kod ɗinsa yana karantawa, ɗayan shi ne kwamfuta, kuma doka ita ce ba zai yi komai ba sai abin da aka karanta masa, ko da ya san shirme ne. A nan aka sha dariya. Kwamfuta daga sifiri take fara ƙirga, wato ramukan 0 zuwa 11 ne, to yawancinsu sun rubuta a ƙara ɗaya a ƙara ɗaya kawai, sai wata yarinya 'yar Tamale da take matsayin kwamfuta ta kai rami na 11, aka ce ta je na 12, ta ɗaga murfin ta sake shi a ƙasa cikin yashi ta ce Malam ai babu rami. Na ce to abin da wayarku take yi kenan in ta rufe wasan ta jefo ku waje. Daga nan na nuna musu a raba da 12 a ɗauki ragowa, kamar agogo da in ya wuce sha biyu yake komawa ɗaya, kuma tun daga ranar ban sake maimaita wannan darasin ba.

Wahalar gaske tana wajen na'ura. Android Studio, wato abin da ake gina manhajar waya da shi, bai daɗe da fitowa ba, ga nauyi, laftof ɗin yaran kuma yawanci na hannu ne da aka sayo a Adum, ka danna ka je ka sayo koko da ƙosai ka dawo bai gama buɗewa ba. Wayar gwaji ta cikin kwamfuta kam mun haƙura da ita, kebul muke sawa mu tura kai tsaye cikin Tecno ɗin wani, in an kawo wuta ƙarfe biyun dare to ƙarfe biyun dare ake aiki.

Da rukuni ɗaya suka ce sun gama, ban ba su maki ba, na ce ku zo mu je Aboabo. Akwai kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana sayen goro a ƙauyukan Asante, can ya koyi oware, kuma ni dai ban taɓa ganin an ci shi ba. Muka shiga trotro, wato motar haya, daga Tech Junction, muka same shi bayan la'asar a rumfar da suke zama. Na durƙusa na gaishe shi na ce Kawu ga ɗalibaina sun kawo maka abokin wasa. Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da ido, ya ce in nuna masa inda zai taɓa.

Kawu bai yi gaggawa ba, sai ya riƙa tara 'ya'ya a rami ɗaya yana ƙin taɓa shi, yaran har suna zunguran juna wai tsoho bai gane ba. Da suka kai sha huɗu ya danna, 'ya'yan suka zagaye allon duka, suka zo kan ramin da aka kwashe, waya ta zuba ɗaya a ciki ta wuce. Kawu ya ajiye ta a kan tabarma ya ce kai yaro, wannan abin naku maguɗi yake yi, wa ya ce ana zubawa a ramin da aka ɗebo? Tsallake shi ake yi. Saboda ɗan nan guda ɗaya na ƙarshe ya faɗi rami ɗaya kafin inda ya lissafa, cin da ya shirya tun ɗazu ya tashi a banza. Bai tsaya nan ba, ya sake wani zagayen ya bari ɓangarensa ya ƙare tas, waya ta yi wani motsi can da bai kawo masa ko ɗa ɗaya ba, ya ce to wannan kuma rowa ce, in abokin wasanka ba shi da komai dole ka ba shi in kana da hali.

Shugaban rukunin, wani ɗan Asawase mai baki, ya ce Baba ai ba a rubuta wannan a dokokin da muka gani ba. Kawu ya ce to ku je ku ƙara, ni ban karanta a ko'ina ba. Nan take yaron ya buɗe laftof a kan benci, caji saura kaɗan, ya gyara na tsallake rami da layi biyu na kod. Na ciyar da abokin wasa kuwa ya ci musu kusan sati, don dole wayar ta gwada kowane motsi a ɓoye kafin ta yarda da shi, abin da ni ban yi niyyar koyarwa ba sai a aji biyu.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda muka so sa wasan a Play Store, Google suka ce dala 25, kuma duk cikinmu har da ni babu mai katin banki da zai biya.